Benen da Shanu Suka Saya

Madachi, Rano
Farkon Oktoba

Zuwa ga amaryata Mufida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi wannan takarda faɗi, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan sai godiya. Gwiwar hagu ce kawai take gardama idan zan miƙe daga sujada. Kunne kuwa kin san halinsa, kada ki sake wahalar da kanki da kiran waya, kina magana ina ta "to, to" alhali ban ji ko ɗaya ba. Gara takarda. Ban zauna a ajin yamma da furfurata ina koyon abacada don alƙalami ya yi tsatsa ba. Gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai.

Shamsuddeen direba ya dawo daga kai kayan gwari Abuja, ya miƙo mini ambulan ɗinki a tashar Kibiya. Ban jira na iso gida ba, nan take na buɗe. Da na ga hoton, na juya bayansa na karanta inda kika rubuta "Kaka, ga gidan," sai da na nemi wurin zama. Bene hawa shida, Mufida. Na fara ƙirga tagogi, na ɓata, na sake, na haƙura.

Kin ce tsohon gini ne, tun ana kafa Abuja aka yi shi, kamar mai ba ni haƙuri. Haƙurin me? Ni da na kwaɓa ƙasa da ƙafata na san gini. Dubi kaurin bangon nan, dubi bishiyoyin da suka kamo hawa na uku. Turawa da Larabawa da Indiyawan da kika ce suna rububin haya a ciki ba wawaye ba ne. Wanda ya baro ƙasarsa inuwa yake nema, da ruwan da ba ya yankewa, da ƙofar da ke rufuwa ruf. Sabon gini sabuwar tukunya ne, sai ta sha wuta ake sanin ko za ta tsage. Wannan ya sha wutarsa ya gama. Abin da ban gane ba shi ne tafkin nan mai shuɗin ruwa a tsakar gida. In na wanka ne, a gaban jama'a? In na dabbobi ne, ban ga ko akuya ba.

Da damina, da kika aiko a sayar da shanunki duka, na yi abin da kika ce amma raina bai so ba. Ranar sunanki na sayi karsanar nan a kasuwar Kibiya, na kai ta rugar marigayi Ardo Zailani kamar yadda iyayenmu suka saba ba Fulani kiwo. Matarsa Fanta ta sa mata Raneye saboda farinta. 'Ya'yan Fanta ne ke kora shanu daji, amma ita ke tatsa, ita ta san kowace da sunanta da halinta, har karsana ɗaya ta zama garke. Ranar da motar masu saye ta zo, Fanta ta shige bukka ba ta fito ba. Ni ma ban ci tuwo ba. Yau na ga abin da suka zama. Kin fi ni hangen nesa, na sallama.

Allah ya sa albarka, ya tsare ki daga bakin mutane.

Angonki da ya tsufa,
Malam Isiyaku

*

Madachi, Rano
Ƙarshen Oktoba

Mufida,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke, gwiwa ma ta yi sauƙi, ina jin farin ciki ne ya shafa mata magani. Motar Shamsuddeen ta kwanta a gareji, takardata ta farko tana aljihunsa har yanzu, saboda haka biyu za ki gani tare.

Hoton nan ya zaga Madachi, ya je Yalwa, ya ci kasuwar Kibiya. Gefensa har ya yi laushi. Liman ya yi miki addu'a bayan sallar Juma'a. Wani ya ce jikar Isiyaku ta zama mai gidan Turawa, na ce a'a, ku faɗi daidai, uwar gidansu ce.

Kin san gidan ɗan'uwa a birni masauki ne, ba sai an tambaya ba. Don kada in dame ki na yi rabon da kaina. Hawa na biyu zuwa sama a bar wa Turawa su ci gaba da biyan haya, su suka iya hawa. Na ƙasa kuwa na mutanen gida ne. Malam Isma'ila yana da ɗa mai neman aiki, na ce ya zo. Masu kai tumatir biyu da suke kwana a bayan mota, na ce sun daina. Akwai wasu, zan rubuto sunayensu.

Amma babbar magana ita ce ta Fanta. Na kai mata hoton ruga, na manta cewa yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Ta karɓa ta shafa shi da yatsu, ta ce in gaya mata abin da ke ciki. Na gaya mata har tafkin. Kin san tun bara likita ya ce aiki kaɗan ne za ta gani, 'ya'yanta sun tanadi bijimin da za a sayar, ita ce ta ƙi. Ta ce ba za ta kwana gidan wanda ba ta sani ba, ba za ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti mutane suna tsallake ta ba. An yi lallashin duniya. Kunyar Fulani ba a ja da ita.

Sai na ce mata wannan fa ba gidan baƙo ba ne, gidan Raneye ne. Can ta ce, "In na Raneye ne, zan je."

Mufida, har 'yarta Jannatu sai da ta yi kuka. Na ba ta alkawari a gaban 'ya'yanta cewa da an gama girbin dawa zan kai ta da kaina. Ki nemo mana asibitin ido mai kyau, ki sa a share ɗaki ɗaya mai kallon gabas.

Kakanki,
Isiyaku

*

Abuja
Nuwamba

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutanen gida duka. Lafiyata ƙalau. Na ji daɗin gwiwa ta yi sauƙi, angon da ba ya iya tashi ai sai a mayar masa da sadakinsa.

Na karanta takardarka ta farko ina dariya da hawaye. Da na karanta ta biyu sai dariyar ta ɗauke. Kaka, laifina ne. Na rubuta maka kamar kana nan garin, na manta a Madachi ba wanda ya taɓa sayen ɗaki a cikin gidan wani.

Ba benen duka na saya ba. Irin wannan gida kashi-kashi ake sayar da shi, kowane kashi da mai shi, kamar mai rumfa a kasuwa: rumfar tasa ce, kasuwar ba tasa ba. Nawa kashi ɗaya ne a hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki. A hoton, tagogi ukun da ke kusa da reshen bishiya ta dama, su ne nawa. Ƙasata rufin wani ce, rufina ƙasar wani. Filin da tafkin da janareta na kowa ne, muna haɗa kuɗin kula da su. Akwai dokoki kuma: ba a daka, ba a hura itace, ba a ajiye dabba, baƙo sai an rubuta sunansa a bakin ƙofa.

Ni kaina ba a ciki zan zauna ba. Ina nan ɗakinmu da muke haya da ƙawata Rukayya. Shanun da abin da na tara ba su kai ba, sai da banki ya cika mini, kuma da kuɗin haya na shirya in riƙa biyan su. Dillali ya riga ya samo mini wani Bature mai aikin ruwan sha. Ya zo ya duba, ya ƙwanƙwasa bango, ya tsaya a baranda ya ce ya fi sababbin da aka nuna masa. Mun yi magana zai shiga farkon Disamba, saura sa hannu. Dillalin ya ce irin waɗannan baƙi lokaci gare su kamar 'yan cirani, wanda ya rasa su yanzu sai ya jira wata shekara.

Maganar ɗan Malam Isma'ila da masu tumatir ba ta hana ni barci ba. Ta Inna Fanta ce. Zan kama mata ɗaki mai tsabta kusa da asibiti, ko ta zauna a namu mu koma wani wuri. Ka yi mata bayani yadda za ta gane. Ka yafe mini, Kaka.

Jikarka,
Mufida

*

Abuja
Nuwamba

Kaka,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Shamsuddeen ya zo sau biyu hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce ya gan ka a masallaci lafiya lau, amma ka daina zama a dakali bayan la'asar. Idan fushi kake yi, ka yi shi a takarda in gani. Shirunka ya fi faɗanka zafi. Ban sa hannu ba tukuna, dillali yana ta kira.

Mufida

*

Madachi, Rano
Ƙarshen Nuwamba

Mufida,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, an girbe dawa, ta yi kyau. Ba fushi nake yi ba. Wa zai yi fushi da amaryar da ta mallaki tagogi uku a sararin sama? Kunya ce ta riƙe mini hannu.

Na ɗauko hoton na nemo tagoginki. Na same su. Na daɗe ina tunanin gidan da ba shi da ƙasa, ba inda za a kafa turke ko a binne cibiya. Daga baya na ce, ai tsuntsu ma bai mallaki bishiya ba, kuma ba wanda ya ce ba shi da gida. Yarinyar da ta tashi a gidan ƙasa ta je ta sayi wuri tsakanin mutanen ƙasashe bakwai da guminta, in ban yi alfahari da ita ba da wa zan yi?

Ranar Juma'a na miƙe bayan sallah na gaya wa mutane cewa na yi wa hoto karatun da ba nasa ba. An yi dariya. Malam Isma'ila ya ce dama ya yi mamakin shanun da za su sayi bene, sai dai in giwaye ne. Wani ya ce a mayar da ni ajin yamma. Na sha, ai ni na dama.

Sannan na tafi ruga. Na tarar Fanta ta sa an wanke mata zannuwa, an sayar da bijimin, ta cika ƙwarya da man shanu ta ɗaure bakinta, wai na uwar gida ne. Na zauna na yi mata bayanin rumfa da kasuwa kamar yadda kika yi mini. Ta ce to, rumfar dai ta Raneye ce ko? Na ce tata ce. Ta ce ai shi ke nan, ita tabarma ɗaya take bukata. Sai na kawo maganar Bature, da ɗakin da za ki kama mata. Ta laluba ta tura ƙwaryar gabana, ta ce in aika miki, ta gode. Ta ce wa Jannatu ta mayar da zannuwan cikin adaka.

Na yi magana, Jannatu ta yi, babban ɗan Fanta ya yi. Abin da ta ce kawai shi ne ta saba da duhun, ba ya cizo.

Ki saurare ni da kyau. Ki sa hannu ki ba Bature gidansa. Ni na yi alkawari da abin da ba nawa ba, ni zan ɗauki nauyinsa. Ba ki ci bashin banki don bakin kakanki ya rushe miki shiri ba. Zan ci gaba da zuwa ruga ina lallashi, wataƙila Allah ya sauko da ita. Man shanun yana hannun Shamsuddeen.

Kakanki,
Isiyaku

*

Abuja
Farkon Disamba

Kaka,

Ina gaishe ka. Lafiya nake, man ya iso. Na buɗe ƙwaryar, ƙamshin ya mayar da ni ruga lokacin hutun makaranta, Inna Fanta tana ɗora hannuna a kan nonon saniya tana cewa in matsa a hankali, tawa ce ba za ta harbe ni ba.

Karo na farko zan saɓa maka. Ban sa hannu ba.

Na je wurin Baturen da kaina na gaya masa gaskiya, na roƙe shi ya jira wata biyu, saboda likita ya ce ido ɗaya ake fara yi, sai ya warke a yi ɗayan. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce mahaifiyarsa ma an yi mata irin aikin, amma iyalinsa suna tafe, ba zai iya jira ba. Ya kama wani kashi a hawa na biyu. Dillali ya ce bai taɓa ganin mai gida irina ba, kuma ba yabo yake nufi ba. Banki zan riƙa biya daga albashi, ni da Rukayya mu koma cin garau-garau. Ba yau muka fara ba.

Kada ka ce bakinka ne ya jawo. Da ni na fara zuwa ruga da hoton, abin da zan ce mata ke nan. Ka gaya mata an share ɗakin, gabas yake kallo. Na rubuta sunayenku uku a bakin ƙofa, kai da ita da Jannatu. Akwai lifta, gwiwarka ba ta da hujja.

Amaryarka mai taurin kai,
Mufida

*

Madachi, Rano
Fabrairu

Zuwa ga uwar gida Mufida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranar da muka baro Abuja mun iso gida lafiya tun kafin magariba. Kowa yana gaishe ki. Gwiwa ta dawo da halinta, ta saba da akwatin nan mai hawa da mutum, yanzu ko dokin ƙofa sai ta yi ƙorafi.

Akwai abin da ba ki gani ba saboda kina wurin aiki, na ajiye shi don takarda. Washegarin da aka cire wa Fanta bandejin ido na biyu, ta ce wa Jannatu ta sake ta. Ta bi gidan ita kaɗai tana dafa bango. Ta tsaya a babban ɗaki ta ce wannan Raneye ce da 'ya'yanta. Ƙaramin ta ce na jar saniyar nan mai harbi ne, shi ya sa ƙofarsa take cijewa. Kicin ta ba maruƙa. Da ta fita baranda ta leƙa ƙasa ta ga Turawa a tafki, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ashe akwai abin da makanta take rufa wa mutum asiri. Ban taɓa jin dariyarta irin ta ranar ba tun rasuwar Ardo.

Ni kuma kullum da hantsi ina sauka in zauna wurin masu gadi. Na ga yadda gidan yake tafiya. Famfo ya lalace, kafin azahar an gyara. Ba'indiyen da ke ƙasanku yana gaishe ni da hannu biyu. Baturenki na hawa na biyu ya koyi "sannu Baba," kuma ya karɓi man shanun da Fanta ta aika masa, ko da yake ina zargin bai san abin da ake yi da shi ba. Mutane daga uwa duniya, ba dangin iya ba na baba, sun haɗa rijiya ɗaya da wuta ɗaya, ban ji an ɗaga murya ba. Wanda ya gina gidan nan ya san aikinsa, wadda ta zaɓe shi ta fi shi.

Na san gidan yana nan ba kowa, dillali kuma bai kawo mutum ba tukuna. Na ga yadda kika rame. Ba zan ce miki ba komai ba, akwai komai. Ina addu'a kowace sallah, liman ma yana yi.

Jiya Fanta ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsakiyar garke tana duba shanu ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa 'ya'yanta faɗa wai sun bar su da kaska tana makauniya. Ta kamo wata karsana fara daga cikin nata na kanta, ta sa igiyar a hannuna. Ta ce ta Mufida ce, a nan za ta zauna, ita za ta tatsa. Na ce Fanta, abin ya yi yawa. Ta ce, "Mai gida a sama tana bukatar abin da ke taka ƙasa."

Saboda haka kin koma mai shanu. Na duba haƙoranta da ƙafafunta da idona, na kuma tambaya sau biyu ko duka taki ce ko kashi ɗaya, aka ce duka, har wutsiya.

Wannan karon na kama bakina, ban gaya wa kowa ba. Liman kawai na gaya wa, da mutanen da suke zaune a wurinsa.

Allah ya yi miki albarka, ya kawo miki ɗan haya mai tsoron Allah.

Angonki,
Malam Isiyaku